Abin da Firinta Ta Riƙe

Litinin, 3 ga Maris
Firintar ofis ta ƙi aiki tun safe, jar fitila sai ƙyaftawa. Na kashe na kunna, na zare waya na mayar, na girgiza tawada. Shiru. Baba Magatakarda ne ya taɓa ta ƙarshe, amma ni Manaja ya wanke tas gaban mutane.

Talata, 4 ga Maris
Na rubuta wa Manaja ƙorafi. Na ce Baba ya tsufa, hannunsa na rawa, shi ke lalata mana kayan aiki, gara a sallame shi. Don haushi har na manta firinta ba lafiya, na danna bugawa sau uku. Da zuciyata ta sauka na goge takardar daga kwamfuta. Mutumin da ya koya mini aikin nan...

Laraba, 5 ga Maris
Baba ya tambayi jikin Mama. Na kasa haɗa ido da shi.

Alhamis, 6 ga Maris
Mai gyara ya zo. Ya buɗe bayanta, ya zaro ɗan ƙarfen maƙale takardu, kore. Duk ofishin ni kaɗai ke da irinsu. Ya ce, "Yanzu duk abin da aka tura mata za ta amayar." Kafin in gane, ta fara. Baba na tsaye gabanta. Ya gyara tabarau, ya karanta har ƙarshe, ya jera ukun ya miƙo mini. "Malama, akwai kuskure a layi na biyu. Ki gyara kafin ki kai."
Malama. Shekara shida "'yata" yake ce mini.

Litinin, 10 ga Maris
Ya kawo takardar ajiye aiki da rubutun hannu, wai in buga masa. Na ce firinta ta sake lalacewa. Ya dube ni, ya dubi firintar tana bugun wani aiki. Ya koma teburinsa.

Talata, 11 ga Maris
Na gaya wa Manaja laifina ne. Ba don komai ba, don dai a san gaskiya. Ban iya ba da haƙuri ba, ban saba ba. Na dai je na tsaya bakin teburin Baba, hannu biyu a baya. Ya daɗe yana rubutu. Can ya kwashe fayilolin da ke kan kujera.
"Zauna," ya ce.