Maɓallan Hannun Hagu

Purwokerto, Litinin

Zuwa ga Mbak Purwanti, 'yar maigidana,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ya jikin Pak Kasdi? Allah ya ƙara sauƙi. Ya kuma damina a can tudu?

Shago yana nan yadda mahaifinki ya bar shi. Ɗalibai sun rage kawo aikin bugawa, sai fotokwafi da littattafan Yasin da ake rabawa a sadakar mamata. Kujerarsa ban bar kowa ya zauna a kai ba.

Kang Dirun direba ya kawo saƙonki, wai sadakar kwana dubu da rasuwar mahaifiyarki Ibu Sumirah wata mai zuwa ce, in buga littattafai. Aikin ba wuya. Fayil ɗaya muke da shi na kowane mamaci. In danna Ctrl da H, in sa tsohon suna a sama, sabo a ƙasa, nan take sunan ya sauya ko'ina, sai in canja hoto. Pak ne ya koya mini tun ina yaron shagonsa. Amma ranar da aka binne mahaifiyarki na ji da kunnena ya ce shafin farko, inda iyali ke faɗin abin da suka sani game da mamaci, shi zai buga nata da hannunsa. Ki tambaye shi tukuna.

Ki gaishe shi da kyau.

Ƙaninki, Tarmin

Ƙauye, Alhamis

Min,

Wa alaikumus salam. Muna nan dai.

Na tambaye shi, da ma ban tambaya ba. Bakinsa a karkace, amma masifar tana nan daram. Ya ce, "Uwarki ba za ta kwanta a shafin wata gawa ba. Haya za ta kama?" Dole na ciro masa tsohuwar kwamfutarsa, wadda batirinta ya mutu. Yini guda yana bugawa da yatsa ɗaya. Da la'asar aka ɗauke wuta, komai ya tafi. Washegari ma haka.

Na ce, "Bapak, kai da ke yi wa Tarmin tsawa ya riƙa adana aiki?" Ya dubi hannunsa na hagu da ke kwance a cinyarsa, ya juya fuska bango. Linzamin kwamfutar, wato maus, shi ma ba ya riƙuwa, hannun daman rawa yake yi. Tun jiya shinkafarsa ko cokali uku bai ci ba.

Min, na gaji. Ga yara, ga gona, ga shi. Ka yi dabararku ta sauya suna kawai, ba zai sani ba.

Yayarka, Purwanti

Purwokerto, Asabar

Mbak,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ki yi haƙuri, zai sani. Mutumin da ke gane na tsallake waƙafi daga bakin ƙofa?

Da na karanta wasiƙarki na tsaya ina kallon hannuna ina aiki. Ashe duk dabarun da ya koya mini a hannun hagu suke zaune. Ctrl da S a adana, Ctrl da C a kwafa, Ctrl da V a liƙa, Ctrl da Z a janye kuskure. Ƙaramin yatsa ya danne, wani ya taɓa. Kullum yana ce mini, "Le, yarona, mai riƙe linzami ɗan yawo ne, ma'aikaci ba ya ɗaga hannu daga maɓallai." Ciwon shanyewar jikin bai ɗauke masa hannu kaɗai ba, sana'arsa ya ɗauke. Shi ya sa ya juya bango.

Ga abin da za ki yi. Ki danna Shift sau biyar a jere. Kwamfutar za ta yi ƙara, ta yi tambaya, ki amsa mata da e. Daga nan ba sai an danne maɓallai biyu tare ba. Ya taɓa Ctrl, ya saki, za ta jira shi. Ya je ya taɓa S a hankali. Yatsa ɗaya ya isa. Na rubuta da manyan baƙaƙe a wata takarda, ki liƙa a bango, daidai inda yake juya fuskar.

Kada ki ce daga gare ni ne. Ki ce yara ne suka taɓa da wasa. Ga garin kofi irin wanda yake sha na ba Kang Dirun.

Na gode da haƙurinki.

Tarmin

Ƙauye, Laraba

Le,

Salam. Ni na buga wannan, Purwanti ta kai makarantar gari aka fitar.

Yara suka taɓa da wasa? Yaran ne kuma suka rubuta takarda da wannan rubutun naka mai kama da sawun kaza? Shekaruna nawa a kan injin nan ban san wannan ba, don ban taɓa buƙata ba. Yana aiki. Ina taɓawa, kwamfutar tana jirana. Ba kowa ke jirana yanzu ba.

Jiya an ɗauke wuta, na yi musu dariya. Aikina na nan.

Shafin yana tafiya a hankali. Ba yatsa ne ke jinkiri ba. Na buga wa dubban mutane kalmomi a kan matattunsu, ashe duk iri ɗaya ne: mai haƙuri, mai ibada. Sumirah ba ta da haƙuri ko kaɗan. Ina neman abin da zan ce.

Kofin ya yi. Ka goge firinta, na san ba ka goge ba.

Kasdi

Ƙauye, Lahadi

Min,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bapak ya rasu ranar Juma'a bayan sallar azahar. An binne shi kusa da Ibu. Ruwa ya yanke hanya, ba yadda za mu sanar da kai.

Na fita shanya, na dawo na same shi a kujera, kansa a sunkuye, kwamfutar a kunne. Hadari ya haɗu, na san yanzu za a ɗauke wuta. Ban san me ya shige ni ba, kafin in yi kuka sai da na dubi takardarka a bango. Na taɓa Ctrl, na saki, na taɓa S. Sannan na kira mutane.

Ga abin da ya rubuta duka, ƙasan sunanta:

"Ita ce take kawo mini abincin rana shago, ta tsaya a kaina sai na cinye. Tana cewa ina dukan maɓallai kamar sun zagi uwata. Mun yi faɗa da yawa. Ba ta taɓa"

Nan ya tsaya. Na yi ta tunani, ban san me ba ta taɓa yi ba. Kai da ka zauna da shi, ka ƙarasa yadda ya dace, kada mutane su ce aikin bai cika ba.

Kwamfutar tana wurin Kang Dirun. Shi ma Bapak za a buƙaci nasa littattafan na kwana arba'in. Nasa ka sauya suna kawai, ba wanda zai yi faɗa yanzu.

Ka yi masa addu'a.

Purwanti

Purwokerto, Talata

Mbak,

Allah ya jiƙan Pak, ya ba mu haƙuri.

Littattafan Ibu suna cikin kwali. Ban ƙara komai ba, ko ɗigo. Wanda ya tambaya, ki ce nan ya tsaya.

Nasa kuwa ban buɗe tsohon fayil ba. A kwamfutarsa na taɓa Ctrl, na saki, na taɓa N, sabon shafi ya fito fari. Tun safe sunansa kaɗai na rubuta. Ba zan sa "mai haƙuri" ba. In kin samu abin da za a ce, ki aiko. Kwamfutar tana jira.

Ƙaninki, Tarmin