Jan Fenti a Gaban Jirgin Ayaba

Ƙanwata Ruthmila,

Gaisuwa daga Holland. Yaya Mama da ciwon ƙafarta? Allah ya ba ta sauƙi.

Ba wanda ya kawo ni ƙasar nan. Da kaina na sayar da kwale-kwalena, na koyi harshensu, na sami aikin wanke-wanke. Tarin da nake fama da shi kuwa sanyi ne kawai, kada ki gaya wa Mama.

Tun da aka rufe teku tsakanin tsibirinmu Curaçao da Venezuela na san teburinki na kasuwa ya bushe, ba ayaba, ba mangwaro. Curaçao na da gwamnati da tuta, amma maganar ƙasashe maƙwabta sai Holland ta yanke. Kullum sai na tare wakilin tsibirinmu a bakin ƙofar ofishinsa a nan, ina roƙon a buɗe hanya. Rannan ya ce, "Rignald, ba ka gajiya?" Na ce, "Yallaɓai, kai ka ƙoshi. Ƙanwata fa?"

Yanzu an buɗe hanya, rediyo na ta yabon ministoci. Na gaji, ba ni da ƙarfin gardama. Amma jirgin ruwa na farko da ya sauke miki kaya, ki sa a rubuta Rignald Koeiman a gabansa da jan fenti. Manyan baƙaƙe, yadda za a karanta daga kan gadar garinmu.

Yayanki.