Gumbar Arba'in a Birnin Ruwa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Zainabu ta Gure,

Gaisuwa mai yawa da ladabi irin wanda kika koya mini, tare da fatan kina kwance cikin rahamar Ubangiji. Bayan haka, ni ne autanki Sani, kukun Kumandan. Ina rubuto miki daga wani birni na ƙasar Italiya da suke kira Beniz, inda Kumandan ya kawo matarsa Madam kallon gari kafin hutunsa ya ƙare, ni kuwa ina biye da su da akwatuna.

A Faransa labarin rasuwarki ya same ni. An bugo wayar tangaraho daga Damagaram, Kumandan ya karanta mini a tsaye, ya dafa kafaɗata, sannan ya tambayi abincin rana. Na roƙi a sallame ni in koma gida, ya ce sai ranar da ya tashi. Takardar tafiyata tana aljihunsa, Inna. Ban ga wankanki ba, ban ɗauki makararki ba.

Garin nan, ba zan rage masa ba, yana da kyau. Gidaje ne na dutse masu zane, tsaye cikin ruwa tun kakannin kakanninsu, ga majami'u da zinariya har a rufi. Ke da kika ƙare ƙarfinki kina hawo tudun rairayi da tulu daga rijiyar kwari, ga mutanen da ruwa ke lasar ƙofar gidansu, kuma ba ya shayuwa, gishiri ne zalla! Ba doki, ba jaki, sai kwalekwale. Lungunan kuwa mutum biyu ba sa jerawa, amma jama'a kamar an kwaso kasuwar Gidigir an dura a zaure ɗaya. Kowace hanya na bi, ko ta ƙare a ruwa, ko ta maido ni inda na fito. Wallahi numfashina ba ya kai ƙirji.

Jiya kika cika arba'in. Na tuna abin da kika sha faɗa mini kina surfe: “In na mutu ban roƙe ka komai ba, sai dai gumbata ta shiga bakin mutane, su ce Allah ya jiƙan ta.”

Kin tuna geron da kika ƙulle mini a tsumma ranar da za mu tashi, wai ko zan yi marmarin kunu? Ban taɓa shi ba, sansanawa kawai nake yi. Shi na jiƙa. Babu turmi a duk otal ɗin nan, sai na murƙushe shi da gindin kwalba a kan dutsen taga, na sa sukari, na dunƙula ƙanana don ya wadatu. Na sa farar rigata da hula, na ɗauki faranti na nufi babban dandalinsu, inda ko tsinke ka jefa ba zai taɓa ƙasa ba. Na ce yau Inna ta dace, ko a Gure ba ta tara rabin wannan.

Na miƙa wa wani dattijo da hannu biyu, ina cewa sadaka. Ya kauce kamar na miƙo masa garwashi. Wata mata ta janye 'yarta. Wani ya jefa mini kwabo a kan gumbarki, ya ɗauka bara nake yi, wani kuma ya ɗaga akwatin hoto yana nuna mini in yi murmushi. Haba! Ni fa bayarwa na zo yi. Na gwada Faransancina na madafa, na rasa kalmar da zan fassara musu sadaka da ita, don ban taɓa jin Madam ta furta irinta ba.

Ina cikin haka sai taro ya turo, aka buge gwiwar hannuna, farantin ya kife. Kafin in durƙusa, tantabarun dandalin sun sauko, baƙi ƙirin, har kan hulata. Na yi ta kora ina ihu yadda muke yi a gonarmu ta hanyar Gamu, mutane kuwa suka kewaye ni suna tafi da dariya. Ashe Madam na ciki. Da muka koma ta ce ba ta ga abin da ya ƙayatar da ita a garin nan kamar wannan ba.

Inna ta, ke da kika tsufa kina korar tsuntsaye daga zangarniya, tsuntsaye ne suka cinye sadakarki. Dunƙule ɗaya na tsira da shi a tafin hannu. Na tsuguna bayan wani ginshiƙi na fuskanci inda nake zaton gabas ce, na ci da hawaye, na ce Allah ya jiƙan ki, na amsa wa kaina amin. Ban sani ba ko haka ta karɓu, kuma babu malamin da zan tambaya.

Allah ya gafarta miki, ya sanyaya makwancinki, ya shayar da ke ruwan da ba a hawa tudu da shi. Ya fid da ni daga cikin ruwan nan, ya kai ni in tsaya a kan kabarinki. Wanda duk takardar nan ta faɗa hannunsa, don Allah ya taya ni da amin ɗin da na rasa jiya.

Autanki mai kewarki,
Sani