Zuwa ga Auta, Tafintar Gidanmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa ta zumunci, ya ƙanwata Rukayya, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Mu muna nan Makoda. An cire gyaɗa, bana ba ta yi laifi ba.

Yau na koya wa 'yan ajina yadda ake matsar da siffa a lissafi. Na zana alwatika a allo, na gusar da ita gefe, kowace kusurwa ta yi tafiya daidai da 'yar'uwarta, ba ta juya ba, ba ta ragu ba. Sai wata ɗaliba ta tambayi dalilin da ya sa sunan wannan aiki a Turanci ɗaya ne da na fassara. Alli ya tsaya a hannuna, don ke kika fara yi mini wannan tambayar.

Kin dawo hutu daga makarantar kimiyya a lokacin. Muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, idanunki sun yi ɗorawa saboda sikila ta taso miki a makon. Kika yi mini tambayar, sannan kika ce ku ma kuna da kalmar a ajinku. "Yaya, kowace ƙwayar halitta tafinta ce. Saƙo take karantawa, ta ƙera abin da aka rubuta. Ni harafi ɗaya ne ya kauce a saƙon jinina, ita kuma ba ta iya sassauta magana ba." Kika yi dariya. Ni na kasa.

Ke kuwa kin iya sassautawa.

Ranar da muka kai ki asibiti a Kano, likitan ba ya jin Hausa. Ya yi mana bayani da Turanci cewa ƙodojinki duka biyun sun gaji, abin da ya rage kaɗan ne. Inna ta dube ni tana jira. Na kawar da kai. Daga kan gado kika karɓe ni: "Inna, cewa ya yi in rage gishiri, in huta sosai, ku kuma ku yawaita addu'a." Inna ta gyaɗa kai, ta gyara miki ɗankwali.

Kafin gero ya fitar da kai muka raka ki.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro, Auta. Watan jiya na kai Inna asibitin Bici saboda hawan jini. Wannan likitan ma baƙo ne, ni ne tafinta. Kafin ya buɗe baki ta kama hannuna ta ce, "Malam, ka faɗa mini yadda yake. Rannan ma na ji komai, a fuskarka na ji. Shiru na yi don kada Auta ta ga ƙoƙarinta ya tafi a banza."

Na faɗa mata yadda yake, ban rage komai ba. A mota muka yi ta kuka har gida.

Tana shan maganinta, kada ki damu. Ni nake miƙa mata kullum bayan sallar asuba.

Allah Ya sa ciwon da kika sha ya zame miki kaffara. Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi, Ya kai ki inda ƙashi ba ya ciwo. Ya ba Inna haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu zuwan.

Wassalam.

Yayanki,
Sunusi