Agolata Ce, Amma Ni Take Kira Baba

Assalamu alaikum Malam. Don girman Allah ka taimake ni da shawara, abin nan ya fi ƙarfina.

Ni kafinta ne. Na auri wata bazawara mai 'ya ɗaya, lokacin yarinyar ba ta daɗe da fara tafiya ba. Ubanta yana raye, amma tun da ya bar gari ko sabulu bai taɓa aiko mata ba. A hannuna ta yi wayo. Ni na kai ta makaranta ranar farko, ni na cire mata haƙorin da ya fara girgiɗi. In an tashe su shagona take zuwa, ta share garin katako daga kan benci ta yi aikin gida, tana tsokanata wai kujeruna duk guragu ne. Allah bai ba ni haihuwa ba, Malam, kuma ban taɓa jin rashin ba sai yanzu.

Zama ya ƙi tsakanina da mahaifiyarta, mun rabu, idda ta cika. Ba zan kushe ta ba. Ranar da aka kwashe kaya ina wurin aiki, na dawo na tarar da ɗakin yarinyar wayam, ko sallama ba mu yi ba. Na je gidansu, kawun yarinyar ya tare ni a ƙofa, wai ni yanzu bare ne, yarinya ta fara tasawa, bai halatta in gan ta ba. Tun daga nan nake rufe shago lokacin tashin makaranta, in laɓe bayan wani kanti ina hangen ta. Shekaranjiya na ga ta tsaya tana kallon hanyar shagona har sai da aka ja hannunta. Abokaina sun ce in kai ƙara. Da gaske ni bare ne? Alƙali zai ba ni ita, ko da ranakun hutu ne?

Daga wani kafinta

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya sanyaya zuciyarka.

Zan fara da mai ɗacin. A Shari'a, riƙon yarinya haƙƙin mahaifiyarta ne, bayanta kuma danginta na jini. Ciyarwa tana wuyan ubanta. Mijin uwa ba ya cikin wannan jeri, komai daɗewar ɗawainiyarsa. Dokokin ƙasashe sun bambanta, kana iya tambayar lauya, sai dai ban so maka ƙara ba. Za ta jawo a tsayar da yarinya tsakanin mutum biyu da take ƙauna.

Amma kawun ya yi kuskure. Tun da ka tare da mahaifiyarta, yarinyar nan ta zama muharramarka har abada, kuma saki ba ya warware wannan. Ganinta da zama da ita halal ne gare ka, ko bayan ta girma.

Ka kuma duba ɓangaren uwar. Mace ce da aure ya mutu mata sau biyu, wataƙila tana tsoron kada 'yarta ta zama mai kai magana tsakanin gida biyu, kuma ita ke da ikon cewa e ko a'a. Saboda haka ka daina laɓewa a bakin makaranta tun yau. Ranar da aka gan ka, za a fassara shi da abin da ba ka nufa ba, ƙofar kuma ta rufe gaba ɗaya.

Ka nemi dattijon da uwar take jin nauyinsa, ya bayyana wa kawun hukuncin cikin ladabi, sannan ya roƙa maka ziyara a gidansu, a gaban idonta, lokacin da ta zaɓa. Ka shiga a matsayin mai roƙo. Kada ka tambayi yarinyar komai game da uwarta.

In sun ƙi, ka nemi abu guda: zama ɗaya, ka gaya wa yarinyar da bakinka cewa ba laifinta ba ne, kuma ba gudunta ka yi ba. Uba ɗaya ya riga ya tafi bai ce mata komai ba, kada ta girma tana zaton na biyun ma haka ya yi.

Abin da ka yi mata yana wurin Wanda ba ya mantuwa. Allah ya raya ta, ya tausasa zukatansu, kai kuma ya ba ka haƙurin jira.