Kiran Matattun Las Yaguas

Temple Hall, Jamaika
Satumba, 1896

Zuwa ga ɗana Evaristo, a New York,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka da 'yar jaririyar da har yau ba ka kawo mana mun gani ba. Yaya aiki, yaya sanyin garin naku? Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata da ta saba. Taba ta yi kyau bana. Uwarka Doña Petrona ce ke riƙe da alƙalami kamar kullum, na kuma gaya mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta zuba wa maganata sukari.

Takardarka ta iso. Sai da na sa aka maimaita mini, don da farko na ɗauka kunnena ne ya tsufa. Ka ce za ka zo taron goma ga Oktoba, ranar tunawa da soma yaƙinmu na farko da Sifaniyawa, tare da wani attajiri Ba'amurke, Mista Hollingworth, wanda zai ba Kyuba bashi yanzu, a biya shi bayan an kori Sifaniyawa. Madalla. Ka ce da kuɗinsa za a cika jirgi da harsashi a kai wa mayaƙanmu na gabashin Kyuba. Madalla kuma. Sannan ka ce bana kada in tashi in kira matattu.

Evaristo, kai ne kake gaya mini wannan? Tun da aka ci mu a yaƙin farko muka tsallako teku, wace shekara ce rana ta zagayo ban tsaya a rumfar shanya taba na kira mutanen ƙauyenmu Las Yaguas da suka mutu ba? Gida gida nake binsu, daga mashigar rafi har saman tudu, wanda yake da dangi a wurin ya amsa, "Namu ne." A kan ƙafata kake yin barci kana jinsu. Sunan ubanka Don Ramón yana ciki, kuma kai kake amsa masa tun ba ka iya ɗaura wando ba.

Na ji dalilinka. Wai jaridun Sifaniyawa suna cewa yaƙin baƙaƙe ne, in an bar mu tsibirin zai koma kamar Haiti, inda bayi suka kori iyayengijinsu, masu kuɗi kuwa tsoron wannan magana suke yi. Wai in baƙonka ya ga tsoho baƙi ba takalmi yana jero Tomás Congo da José Lucumí da Andrés Carabalí, zai ɗaure bakin jakarsa. Don haka Likita Arteaga zai karanta sunayen manyan gidaje da Turancin Ingilishi, ni kuma in huta. Huta! Wa ya ce maka na gaji?

To bari in tambaye ka. Da ubanka ya buga ƙararrawar gona ya ce daga yau babu bawa, wanda yake so ya biyo shi daji, su wa suka bi shi? Likitoci ne? Mu ne, da addunan sarar rake. Congo da Lucumí ba sunan iyayensu ba ne, sunan ƙasar da aka sato su ne, shi kaɗai aka bar musu. Shi ma yanzu ya yi maka wari.

Ka kuma ce ko in bari uwarka ta rubuta sunayen a ajiye a akwati. Ba yau aka fara roƙona wannan ba. A yaƙin farko malamin makaranta ya rubuta waɗanda suka shiga daji don kada a manta, takardar ta faɗa hannun soja, suka bi ta ƙofa ƙofa. Ƙaramin jakadan Sifen yana nan Kingston da 'yan leƙen asirinsa, jikokin mutanen nan kuma suna can ƙarƙashin ikonsu. A bakina sunayen suke, a nan za su zauna.

Kowace Asabar masu naɗin tabarmu suna cire ladan yini guda su aiko muku, ku wakilan Kyuba da ke New York. Ba ku taɓa dawo da sule ɗaya kun ce baƙin hannu ne ya naɗe shi ba.

Ka zo da baƙonka, za a yanka alade, a dafa rogo da ayaba. Amma zan tashi. Ka gai da iyali.

Ubanka na baftisma,
Serapio Vaillant

Temple Hall
Farkon Oktoba, 1896

Evaristo,

Bayan gaisuwa. Ina fatan wannan za ta same ka kafin ka hau jirgi. Uwarka tana gaishe ka, tana cewa ka taho mata da allurar keken ɗinki.

Lallai makarantar lauya ba ta tafi a banza ba. Ka san inda za ka taɓa. Ka rubuto cewa in attajirin ya fasa, babu jirgi, in babu jirgi kuwa ɗana Bartolo da ke daji zai ci gaba da tarar bindiga da adda. Na yi niyyar in ce ƙarya kake yi. Sai ga wani mai kwale-kwale da ke tsallakawa gabas ya dawo makon jiya, ya ce ya ga su Bartolo da idonsa, suna tsintar kwankon harsashi a inda aka yi artabu, suna cusa masa albarushin da suka haɗa da kansu. Ya ce rabin bindigogin sanda ce kawai ake saɓawa a kafaɗa.

Bartolo kaɗai ya rage mini, ka sani. Kai ma shi ya goya ka a cikin kwale-kwalen da ya kawo mu, kana ta amai a wuyansa.

Na ji. Ba zan tashi ba. Kada ka gode mini, kada kuma ka sake rubuta mini cewa wata rana Kyuba za ta tuna da wannan sadaukarwa. Ba Kyuba na ba. Ciniki na yi da kai, bakina na yini ɗaya a kan harsashin ɗana. Ka tabbata harsashin ya isa.

Mutane sun fara tambayata ko na shirya. Ban gaya wa kowa ba. Kai za ka gaya musu, tunda kai ne mai iya magana.

Serapio Vaillant

Temple Hall
Janairu, 1897

Zuwa ga Evaristo Salcedo, sakataren wakilan Kyuba a New York,

Bayan gaisuwa. Ina fatan kowa lafiya a gidanka. Takardunka duk sun iso, da bargon da ka aiko. Ban amsa ba don ban ga abin faɗa ba. Yau akwai.

Zan fara da haƙƙinka, kada a ce tsoho ya danne gaskiya. Attajirin ya ba da kuɗi, jirgi ya tafi, ya sauke kayansa lafiya. Bartolo ya aiko da saƙon baki cewa yana raye, yana da bindiga sabuwa da ɗamarar harsashi cike. Abin da ka ce za ka yi ka yi shi. Ni ma na yi nawa.

Amma kai kana teburin gaba ranar, ba ka ga abin da na gani ba, don haka bari in gaya maka. A bayan rumfa na zauna wurin masu juya alade. Daga nan na ji Likita Arteaga yana karanta sunayensa da Ingilishin da shi kansa da ƙyar yake taunawa. Kafin kofi ya huce ya gama. Babu wanda ya amsa, don ba wanda ya gane danginsa a bakin nan. Har sunan ubanka ya wuce, kai ma ba ka amsa ba, kana cikin kunna wa baƙo taba. Da baƙon ya yaba naɗinta ya tambayi wanda ya yi, na ga ka nuna ni da haɓa. Wani da ke jin yarensu ya fassara mini abin da ka ce: tsohon ma'aikacin gidanmu ne, mai aminci ƙwarai. Ni da na riƙe ka a gaban fadan coci aka zuba maka ruwan baftisma.

Wannan zan iya haɗiyewa, na haɗiye wanda ya fi shi. Abin da ya tsaya mini shi ne Ma Tomasa. Ka tuna ta, tsohuwar da ke zaune can cikin duwatsu, wadda ta rasa miji da ɗa a yaƙin farko. A kan jaki aka kawo ta, an ɗaure ta da zani don kada ta faɗo. Shekara guda take jiran wannan yini. Da aka watse ta sa aka kawo ta inda nake, ta dube ni da idon nan nata guda, ta ce, "Serapio, harshen naka yanke shi aka yi, ko haya ka ba da shi?"

Na ce mata, "Yaya Tomasa, haya ce. Baɗi zai dawo."

Ta ce, "Baɗi? Wa ya yi maka alkawarina har baɗi, tsohon banza?"

Ta ƙi cin abinci, aka mai da ita gida. Ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti ta rasu.

Ranar addu'ar kwana tara, jama'a suka taru a gidanta. Bayan an gama jan carbi, wata jikar ƙanwarta ta ce tunda an hana Ma Tomasa ji da ranta, a yi mata yanzu. Babu attajiri, babu likita. Na tashi. Na fara daga mashigar rafi kamar kullum, gidan Celestino, gidan 'yan biyu masu ƙona gawayi, gidan Tomás Congo, ana ta amsa mini, muryata kuwa garau. Na iso gidan Tomasa da ke gindin mangwaro. Na kira mijinta Cirilo. Na kira ɗanta Eusebio. Sai na buɗe baki zan kira na uku, ban same shi ba.

Akwai wani mutum da ke kwana a bukkar bayan gidansu. Da girmansa aka kawo shi daga Afirka, da tsage a kumatu, ba mata, ba ɗa, bakinsa bai taɓa saba da yarenmu ba. Ya ƙi sunan da fada ya ba shi, ya riƙe na uwarsa, suna mai wuyar faɗa. Tomasa ce ke amsa masa duk shekara. Shekarun nan da kaina ya fara nauyi, in na iso wurin nakan ɗan tsaya, ita ta fara faɗa a hankali, ni in ɗauka in ɗaga. Abin da nake ji a bakinta shi ke riƙe mini shi har wata shekara. A Oktoban da ya wuce ban ji ba.

Na tsaya a gaban mutane baki buɗe. Na koma mashigar rafi na sake tahowa, ko ƙafa za ta tuna. Na iso mangwaro, shiru. Tun ranar na bi duk wani mai furfura daga nan har Kingston. Wasu sun tuna tsagen, wasu sun tuna yadda yake waƙa in yana wasa adda. Sunan babu. Su matasa ne a lokacin, kuma me zai sa su riƙe, ga Serapio?

Ina ganin fuskarsa yanzu da nake magana. Kai ba ka san shi ba, amma ya kamata ka sani. Ranar da aka harbi ubanka a ciki, mu duka gudu muka yi, har da ni. Shi ne ya koma ya saɓo shi a baya, ya ratsa rafi da shi ruwa har ƙirji, don kada soja su ja gawarsa a kasuwa. Bayan ya miƙa mana gawar, a bakin gaɓa soja suka same shi suka kashe. Kabarin da uwarka take kunna wa kyandir a zuciyarta, wannan mutumin ya saya wa ubanka da ransa.

Na san abin da za ka ce, da na yarda an rubuta da ba haka ba. Ajiye wannan. Shekara da shekaru yana nan ba takarda, bai ɓata ba sai da ka zo da baƙonka. Sifaniyawa sun kashe shi, amma ba su iya cire shi daga Las Yaguas ba. Kai ka cire shi, a yini ɗaya, kana murmushi.

To ga abin da na yanke. In Allah ya kai mu goma ga Oktoba zan tashi, ko da shugaban Amurka ne a teburin gaba. Ba na tsallake gida, ba na barin gurbi, mutum uku ne a gindin mangwaro. Zan kira Cirilo, in kira Eusebio, na uku kuma in kira Evaristo Salcedo. Wanda ya ga dama ya amsa.

Uwarka ta ajiye alƙalami a nan, ta ce ba za ta sa ɗanta cikin matattu da hannunta ba. Ta yi kuka, ta ce mini azzalumi. Na ce mata to ta faɗa mini sunan mutumin da ya ɗauko mijinta, in janye. Ita ma ba ta san shi ba. Ga shi ka ga ta rubuta.

Kada ka ƙara aiko mini da komai. In ka haɗu da mai zuwa gabas, a gaya wa Bartolo ya yi tattalin harsashin, da tsada aka saye shi.

Serapio Vaillant