Furannin Matar Mai Tayil

Anti, don Allah ki agaza min da shawara kafin takaici ya sa in ajiye aiki. Ni ce mai zaɓen abin da za a rataya a gidan zane-zanen zamani da ke tsakiyar gari, wanda ke maƙale tsakanin banki da shagon waya. Gidan namu ya kusa durƙushewa. Haya ta hau, masu tallafi sun janye, na'urar sanyaya ɗaki ma da rana tsaka muke kashe ta saboda kuɗin wuta. Zane kuwa ba ya son zafi. Babban zanen marigayi malamina, wanda ya cika bangon zaure, fentinsa har ya fara tsagewa ta gefe.

Ana cikin haka shugabanmu, wanda muke kira Sai-Gobe don amsarsa ke nan ga komai, ya jajibo mana wani attajiri mai sayar da tayil. Mutumin ya shigo yana taku kamar shi ya gina wurin. Ya tsaya gaban wani mutum-mutumi da aka haɗa da tsofaffin ƙarafa, ya ƙwanƙwasa shi da makullin mota, ya tambaye ni nawa kilo. Wallahi Anti, ban san lokacin da na juya masa ƙeya ba.

Wai zai ɗauke mana haya da wuta na shekara uku, amma da sharaɗi: a sauke zanen malam, a rataya na matarsa a zaure. Na ga aikin nata. Furanni ne a tukunya, ja da ruwan hoda, ta barbaɗe su da ƙyalƙyali, irin na kalandar shagon magani, duk kamar an tsaga kara. Bara ta fara koyo a waya, yau tana neman bangon da malam ya yi furfura kafin ya samu. Sai-Gobe, da bai taɓa yanke komai ba, wannan karon ya ce yau, sa hannuna kawai ake jira. Abokan aikina sun zuba min ido, don abincinsu na wuyana. Ni dai na raina mutumin, na raina furannin, na fi raina shugaban da ke washe masa baki. In ƙi, ko in haɗiye?

Wadda Ta Ƙi Furanni

Ƙanwata, raini kam kin iya, ban ga wanda kika ƙyale ba. Kuma ba zan ƙaryata ki ba. Mai auna aikin gwani da kilo bai isa ya zaɓa wa jama'a abin kallo ba, shugabanki kuwa ba shugaba ba ne, ɗan rakiya ne. In kuka sayar da zaure yau, gobe mai siminti zai shigo da zanen ɗansa.

Amma akwai waɗanda ba ki kawo min ƙararsu ba: masanan nan abokanki, masu zuwa ranar buɗe baje koli su sha lemo kyauta, su gyaɗa kai gaban bango, su ɗauki hoto su wuce. Wa ya taɓa sa hannu a aljihu a cikinsu? Mai tayil, duk da jahilcinsa, ya zo da kuɗin kunna na'urar sanyi.

Ga abin yi. Ki nemi matar da kanta, don ban ga alamar kin taɓa yi mata magana ba. Ki zagaya da ita gidan, ki tsayar da ita gaban zanen malam ta gani da idonta. Ki ba ta ƙaramin ɗaki na wata biyu, ki zaɓi zanen furanninta biyar mafi dama-dama, a tara mata jama'a, a kafa sunan mijin a allo bakin ƙofa. Suna yake nema, ba bango ba. Sannan a rubuta a yarjejeniya cewa zaɓen abin ratayawa naku ne.

In ya kafe sai zaure, ki yarda da wa'adi a rubuce, ki sauke zanen da hannunki ki adana shi. Bango ɗaya kike karewa, alhali gidan dungurungum ake shirin rufewa. Ranar da mai ba ku haya ya sa kwaɗo, ba zai tambayi wanne zane ne na gwani ba, duka waje zai watso su.

Allah ya tsayar muku da gidan, ya kuma sanyaya miki harshe kafin ki je wurin matar.

Anti